Akwatin gem marar suna da ka sayo a haraj: yadda za ka gane shi, da abin da za ka gyara

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka da hotunan da ka haɗo. Ka ce ka shiga harajin Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya da ke kudancin Jidda, ka samo wani ɗan akwati baƙi da bai wuce tafin hannu biyu ba, babu suna babu takarda, mai shi ya haɗa maka da fanel ɗin Street Fighter II, wato allon lantarkin da wasan ke kai, irin wanda ake cirowa daga manyan akwatunan gidan gem. Kana son sanin mene ne shi, ko za ka iya jona shi da OSSC ɗin da ke bayan talabijin ɗinka ta filasma, wato na'urar da ke ninka layin hoton tsohon gem don sabuwar talabijin ta karɓa, da kuma yadda za ka ƙara masa maɓallai su cika shida.

Sunansa sufagan, idan za ka neme shi a intanet rubuta supergun. Ba shi ke yin wasan ba, gem ɗin gaba ɗaya yana kan fanel. Aikinsa na tafinta ne: fanel an yi shi ne don babban akwati mai nasa wutar, nasa talabijin, tasa sifika da nasa hannuwa, shi kuma wannan ɗan abin yana tsayawa tsakani don fanel ɗin ya yi magana da kayan gida. Don Allah kar ka sa masa wuta tukuna. Na san hannunka na ƙaiƙayi, amma tun ina yaron shago a layin Beirut a Kano har zuwa shekarun da na yi a nan ina gyaran talabijin, mafi yawan fanel ɗin da aka kawo mini a ƙone, a kunnawar farko aka ƙona su.

Sunan maƙerin akwatin kuwa ba zai amfane ka sosai ba. Akwai waɗanda aka sani, irin HAS da Minigun, kuma shi Minigun zanensa a buɗe yake ga kowa, saboda haka masu haɗa shi suna da yawa, wani ya sa kaya masu kyau, wani ya rage. Akwai na Sin masu arha, akwai wanda mutum ya haɗa a ɗakinsa. Biyu za su yi kama a ido, cikinsu ya sha bamban. Abin da zai gaya maka gaskiyarsa mita ce. Idan ba ka da ita, sayo ko ƙarama ce, muddin tana auna bolt da om, tana kuma kuka idan waya biyu sun haɗu.

Ɗauki fanel ɗin ka dubi gefensa. Za ka ga haƙora masu ruwan zinariya, 28 a sama, 28 a ƙasa, 56 ke nan. Wannan shi ne tsarin JAMMA, wanda ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta fitar a 1985 don mai gidan gem ya iya canza wasa ba tare da ya sake wayoyin akwati ba. Gefen da kayan ke zaune ana ƙirga shi da lamba, 1 zuwa 28, gefen dalma kuma da haruffa. Haƙori na 1 da na 2 ƙasa ne, wato abin da ake rubuta wa GND. Na 3 da na 4 bolt 5. Na 5 bolt 5 na nagetib. Na 6 bolt 12. Na 7 babu komai, wurin tsaga ne. Na 10 da na bayansa, harafin L, sifika. Na 12 ja, bayansa N kore, na 13 shuɗi, bayansa P layin sink, wanda ke tsayar da hoto wuri ɗaya. Daga 17 zuwa 24 na ɗan wasa na farko ne: farawa, sama, ƙasa, hagu, dama, sai maɓallai uku. Na 27 da 28 ƙasa ne kuma. Rubuta wannan a kwali ka manna a bangon inda kake aiki, nawa yana nan har ya yi ja.

Tsagar nan ta 7 ita ce farkon abin da za ka duba a bakin akwatinka. Ya kamata a ce akwai ɗan roba a ramin na 7 wanda zai hana fanel shiga a juye. A hotonka ban gan shi ba. Idan ka juya fanel, haƙori na 6 zai faɗa wurin na 23, ma'ana bolt 12 zai bi layin maɓalli ya shige cikin IC, baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da ke kan fanel, da aka yi don bolt 5. Ba ya ɗaukar daƙiƙa guda. Yanko ɗan roba mai kauri daga tsohon katin banki ka cusa a ramin, ka ɗiga masa gam kaɗan, sannan ka rubuta SAMA da babban baƙi a gefen lambobi. Ka kuma sani ba duk fanel mai haƙora 56 ne JAMMA ba. Na Sega System 16, irin Shinobi da Golden Axe, haƙoransu 56 ne amma jerinsu daban, sai da adafta. Idan gobe ka koma haraj ka ga wani, kar ka zura shi don kawai ya shiga.

Sai wuta. Buɗe akwatin ka ga ta ina take shigowa. Wasu suna karɓar fawar kwamfuta ta ATX, wasu fawar gidan gem mai sukurori, wasu kuma bolt 12 kaɗai suke karɓa su rage shi a ciki. Na ukun nan shi ne nake wa kallon tsanaki, domin ɗan abin da ke rage wutar sau da yawa ba ya ɗaukar fanel mai ci. Abin da fanel ke so shi ne bolt 5 a jikinsa, kuma IC ɗin zamanin an yi su ne su zauna tsakanin 4.75 da 5.25. Matsalar ita ce wuta na zubewa a hanya. Idan fanel na jan amfa 3, waya da soket kuma suna da juriyar om 0.1 kacal, ka yi asarar bolt 0.3 kafin ta isa. Fawa na nuna maka 5.0, fanel na shan 4.7, gem ya riƙa sake kunna kansa ko hoto ya watse. Mutum sai ya kama murɗa fawa sama. Gobe ya cire wannan fanel ya sa ƙarami marar ci, wutar ta hau masa ka. Saboda haka awo a kan fanel ake yi, ƙafar mita ɗaya a haƙori na 1, ɗaya a na 3, yana kunne, ka tsaya wajen 5.0 zuwa 5.1. Ɗan agogon bolt da ke jikin akwatin kar ka yarda da shi sai ka gwada shi da mitarka. Idan wayoyin bolt 5 da na ƙasa sirara ne kamar na caja, cire su ka sa masu kauri, lamba 18, bibbiyu. Wannan ne gyara na farko, kuma ya fi duk sauran amfani.

Bolt 5 na nagetib ba kowane fanel ke nemansa ba, amma irin Mortal Kombat idan babu shi za ka ga hoto ba sauti mai kyau. Fawar kwamfuta ta yanzu yawanci ta daina bayar da shi. Idan za ka saya, nemi mai layi uku, irin Mean Well RT-65A, yana ba da 5 da 12 da nagetib 5, kuma ana iya murɗa shi.

A nan akwai abin da ya shafe mu mazauna Saudiyya. Tsofaffin gidaje da yawa a Jidda da Makka har yanzu suna da soket iri biyu, na 127 da na 220, wani lokaci a ɗaki ɗaya, ba alama. Tsohuwar fawar gidan gem kuma wata tana da makunnin zaɓi tsakanin 110 da 220, wata ta Japan ce da aka yi don 100 kawai. Auna soket ɗin, karanta jikin fawar, kafin su haɗu. Kuma fawa mai sukurori a buɗe, wutar gida tana nan tsirara a kanta. Sa ta cikin akwatin roba mai ramukan iska, sa fiyus, jona wayar at, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Gida da yara ba a barin irin wannan a kan kafet.

Yanzu ga tambayarka ta OSSC, kuma a nan zan daɗe. Hoton da fanel ke fitarwa RGB ne, wato ja da kore da shuɗi kowanne a wayarsa, mai saurin layi wajen kilohaz 15, wanda OSSC ya san shi sarai. Ƙarfinsa ne matsala. Talabijin ɗin gidan gem an yi shi ya karɓi sigina mai ƙarfi, bolt 3 zuwa 5 a launuka, sink kuma har bolt 5. Kayan gida, ko talabijin mai SCART, wato faffaɗan soket ɗin hoto mai ramuka da yawa, ko OSSC ta bakinsa na SCART, suna jiran bolt 0.7 a launuka a kan om 75, sink kuma bai kamata ya wuce bolt 1 ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yana aiki. Ka jona, hoto ya fito, ka ce alhamdulillahi, alhali kana dafa IC ɗin na'urarka a hankali. Wata rana kawai ta daina ganin hoto.

Ga yadda za ka gane ko akwatinka yana rage sigina. A kashe, ba fanel, ba wuta. Sa mita a wurin om, ƙafa ɗaya a ramin P na bakin JAMMA, ɗaya a ƙafar sink ta soket ɗin da hoto ke fita. Idan mita ta yi kuka ko ta nuna kusan sifiri, waya ce kai tsaye, babu kariya ko kaɗan. Idan ta nuna wajen 470, maƙerin ya san abin da yake yi. Lissafin a fili yake: bolt 5 ta bi om 470 ta sauka kan om 75, abin da ya rage wajen 0.7 ne. Idan kuma mita ba ta nuna komai ba, akwai IC ko kafasito a tsakani, sai ka haska fitilar waya ka karanta lambobin. THS7374 ko THS7316 na nufin launuka suna bi ta matattara mai kyau, wannan albishir ne. LM1881 mai gyara sink ne, amma abin da ke fita daga gare shi ma bolt 5 ne, yana buƙatar rizisto a bayansa. AD724, AD725 ko CXA1645 na nufin akwatin yana iya fitar da hoton wayar rawaya, irin na bidiyon gida da ke haɗa hoto duka a waya ɗaya. Kusa da irin wannan za ka ga ɗan ƙarfe mai sheƙi da lamba: 3.579 ko 14.318 NTSC ne, 4.433 PAL ne, tsarin launin talabijin iri biyu ke nan, kuma idan hoton wayar rawaya ya fito fari da baƙi, yawanci a nan dalilin yake. Yi irin awon nan a 12 da N da 13.

Idan sink ɗin kai tsaye ne, gyaransa na riyal ɗaya ne: yanke layin, sa rizisto om 470 a tsakani da dalma, rufe da roba. Launuka sun fi wuya, domin kowane kamfani da ƙarfin da fanel ɗinsa ke fitarwa. Masu arha suna sa abin murɗawa uku, irin na ƙara murya, ɗaya ga kowane launi. Ana iya zama da su idan ka bi a hankali. Murɗa su ukun zuwa mafi duhu kafin ka kunna, shiga shafin gwaji ta maɓallin haƙori na 15, nemo jerin launukan nan da ke tashi daga duhu zuwa haske, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Da zarar matakai biyu na ƙarshe sun fara narkewa cikin juna, ka wuce, koma baya. Ni dai a ra'ayina, mutumin da ya kashe kuɗi ya sayi OSSC, ya kamata ya ƙara ya sa ɗan fanel mai THS7374 a cikin akwatin, ya huta. Gwajin farko kuma ka yi shi a tsohuwar talabijin mai doro idan kana da mai SCART, ko a GBS-8200, ɗan fanel mai arha da ke mai da hoton gem ya dace da monitar kwamfuta, wanda dama don gidan gem aka yi shi.

Soket ɗin da na gani a hotonka zagayayye ne ƙarami. Ƙirga ramukansa. Tara yawanci tsarin Mega Drive 2 ne, goma na Saturn, dukansu injinan gem na gida na Sega, takwas kuma kowa da yadda yake jera shi, sai ka bi da mita. Wayar SCART ta Mega Drive 2 tana ɗauke da nata rizisto na om 75 da kafasito a cikin kanta. Idan akwatin ma yana da su, sun zama biyu, hoto ya dushe kamar an shafa masa toka. Idan kuma akwatin ya dogara da na waya, kai ka sa wayar da ba ta da su, hoto ya yi ƙarfi fiye da kima. Buɗe kan SCART ɗin ka gani da idonka, sukurin roba ne kawai.

Sauti kuwa na koye shi da tsada. Wani bawan Allah ya taɓa ba ni amanar fanel da ya yi shekaru yana ajiya, in gwada masa. Na ɗauki haƙori na 10 da L na kai su soket ɗin sauti na talabijin, ina ganin L ai nagetib ne, nagetib kuma ƙasa ne. Waƙar farawa ta fito da kyau, ba a yi minti biyu ba na ji ƙauri. Na taɓa ƙarfen da ke sanyaya amfilifaya, ya ƙona mini yatsa, murya ta koma ƙugi sannan ta ɗauke. Na yi wata biyu ina neman irin IC ɗin, kuma nauyin mutumin nan da na ji ya fi kuɗin ciwo. Dalilin shi ne a fanel da yawa duka ƙafafu biyun sifika suna ɗauke da sigina, babu wadda take ƙasa. Ka haɗa L da ƙasa, ka shaƙe rabin amfilifaya. Manyan fanel ɗin Neo Geo, injin gem na kamfanin SNK, masu ɗaukar kaset fiye da ɗaya ma, L ɗinsu sifika ta biyu ce gaba ɗaya. To sa mita tsakanin L da haƙori na 1 a akwatinka. Idan ta yi kuka, yanke wannan layin kafin komai. Mafi sauƙin hanya ita ce ka jona ƙaramar sifika mai om 8 kai tsaye a 10 da L, yadda aka yi fanel ɗin ya yi aiki. Idan dole sai ta talabijin, je shagunan kayan ƙawata mota ka ce a ba ka abin da ke rage layin sifika ya koma RCA, soket ɗin sauti ja da fari, mai ɗan taransifoma a ciki. Yana rage ƙarfin, yana kuma raba ƙasan fanel da na talabijin.

Maɓallai shida su ne suka kawo ka, kuma su ne mafi sauƙi. JAMMA maɓalli uku ya sani. Da Capcom ta fitar da Street Fighter II a 1991, sai ta bar naushi uku a bakin JAMMA, shuri uku kuma ta fitar da su ta wani ɗan soket daban a jikin fanel. A CPS-1, wanda shi ne tsarin fanel ɗin Capcom da wannan gem ke kai, soket ɗin ƙafa 10 ne: uku na ɗan wasa na farko, uku na na biyu, biyu ƙasa, biyu a banza. A magajinsa CPS-2 da ya zo a 1993 ƙafa 34 ne. Kowane maɓalli aikinsa ɗaya, ya taɓa layinsa da ƙasa. Saboda haka waya shida za ka jawo daga soket ɗin zuwa bakin hannuwan wasa. Amma ka fara tabbatar da fanel ɗin na asali ne. Na asali hawa uku ne, babba a ƙasa, matsakaici, sai ƙarami a sama, kuma za ka ga IC masu lamba CPS-A-01 da CPS-B. Na jabu an yi su da yawa, galibin waɗanda suka ratsa ta shagona su ne, suna cike da ƙananan IC jere jere, suna jan wuta sosai, kuma soket ɗin shurinsu kowa da nasa. Ga irin waɗannan, auna kowace ƙafa yana kunne, ka ware wadda ke ɗauke da bolt 12 ko wadda ke haɗe kai tsaye da haƙori na 3, sauran kuma ka taɓa su da ƙasa ta cikin rizisto om 100 kana kallon shafin gwajin maɓallai.

Bakin hannuwan da ke jikin akwatinka mai rami 15 ne a layi biyu, tsarin Neo Geo. Ba VGA na monitar kwamfuta ba ne, shi layi uku ne. Ƙafa ta 1 ƙasa, ta 8 bolt 5, maɓallai huɗu suna 13 da 5 da 12 da 4. Ƙafa ta 2 da ta 10 Neo Geo bai yi amfani da su ba, su ake ara a yi na biyar da na shida, sai dai maƙera ba su yi ittifaƙi a kan wace ce wace ba, bi wayar hannunka ka gani. Tsohon hannun kwamfuta mai irin wannan baki kar ya kusanci wurin, nasa ƙafa ta 1 wuta ce. Ka kuma duba haƙori na 27. Fanel ɗin Sin masu gem ɗari ɗari, irin Pandora's Box, sun mai da shi maɓalli na shida, alhali a JAMMA ƙasa ne. Idan akwatinka don su aka yi, to a fanel na gaske na shida zai zama kullum a danne. Wasu suna da ɗan makunni na raba wannan, idan babu, yanke layin.

Damshin Jidda da gishirin teku suna cin haƙoran fanel. Idan sun yi duhu, goge su da magogin fensir fari, ka bi da auduga da sifirit mai tsabta, ban da sanfefa. Fanel kuma kar ya kwanta a kan kafet ko ƙarfe, sa masa ƙafafun roba ko katako a ƙasa, ka sa ƙaramar fanka ta riƙa busa shi, domin CPS-A-01 ba ta son zafi kuma ba a samun sabuwarta. Idan bayan duk wannan OSSC ya kama hoto amma filasma ta ƙi, kar ka zargi akwatin nan da nan. CPS-1 yana gudu a 59.6 ne a daƙiƙa, Neo Geo 59.2, R-Type 55, kuma wasu filasmomin ba sa karɓar abin da ya kauce wa 60. Canza ninkin layi a OSSC zuwa biyu, ko ka gwada da monitar kwamfuta.

Aiko mini da abin da mita ta nuna a wurare uku: P zuwa sink, L zuwa ƙasa, da 27 zuwa ƙasa. Haɗo da hoton cikin akwatin a haske, yadda zan iya karanta lambobin IC, da hoton fanel ɗin ta gefe don in ga hawansa. Da su zan gaya maka daidai layin da za ka yanke. Idan kuma ka fi son a yi a gabanka, kawo shi shago bayan la'asar, ina da talabijin mai doro ta gwaji.